Warƙar Ido a Littafin Baƙo

Jakara, Birnin Kano
6 ga Maris, 1955

Zuwa ga Malam Maharazu, ta hannun mai masaukin Takari, Madina

Maigida,

Bayan gaisuwa mai yawa da so da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da mutanen da kuke zaune tare. Yaya aikin fata, yaya zafin ƙasar? Mu nan lafiya lau, sai kewa. Inna tana gaishe ka. Ka dai san ta, ba za ta buɗe baki ta ce tana gaida ɗanta na fari ba. Abin da ta ce shi ne, in na rubuta wa mutumin nawa in tambaye shi ko har yanzu a tsaye yake cin abinci.

Ka ga sunanka a sama? A da ƙanenka Babana ne yake rubuta mini shi kafin ya kai gidan waya. Yau ni na rubuta. Bakina bai taɓa faɗarsa ba, amma na lura hannu bai kai baki kunya ba.

Shekara biyu ke nan tun ranar da ka hau motar Maiduguri. 'Yan littattafan labaran da ka sayo mini kafin ka tafi na karanta kowanne har bangonsa ya yi laushi. A cikinsu, in mutum ya yi tafiya, shafi uku ake juyawa ya dawo. Ni kuwa na juya damina biyu.

Jiya na fito da littafin baƙo ya sha iska a inuwa, kamar yadda ka koya mini, don kada gara ta san da shi. Duk sanda na zare shi daga gafakarsa sai in tuna mai shi: mutumin da ya kawo wa kakanka littafi a ɗinka masa jaka, ya bi ayarin arewa, yau shekara sittin bai zo ya karɓa ba. Ina yawan raya kamanninsa a zuciyata. Na ba shi dogon hanci da tari. Na kuma ba shi mata a wani gari mai nisa, tana share ɗakinsa kullum.

Har yau ina dariya in na tuna labarin da ka ba ni, yadda marigayi Baba ya yi ta yawo da shi. Ya ga baƙaƙen Larabci ne amma ba Larabci ba, sai ya ɗauka ajami ne. Malamin Fulani ya ce na Barebari ne, malamin Barebari ya ce na Buzaye ne, sai wani tsohon Balarabe a Dandali ya ce Farisanci ne, kuma shi ma nan ya tsaya. Ni ba na jin ko kalma ɗaya, amma ba na gajiya da kallonsa. Rubutun a karkace yake gangarowa kamar tsuntsaye za su sauka kan ruwa. Ga da'irori tara, wata cikin wata, da 'yar ƙwallo a tsakiya. Ga mutum a tsaye da jijiyoyinsa duka a waje. Ga gidajen lissafi. Ga kuma idon nan na warƙa ta sittin da uku, da jajayen layuka biyu da suka fita daga bayansa suka shiga cikin kai.

Na ƙirga, warƙa ɗari da tamanin da bakwai, ɗinkinsu bai motsa ba. Ban manta abin da muka yi a zaure ba ranar tafiyarka: ni na ce ko warƙa ɗaya ba za ta bar littafin nan ba, kai ka ce ranar da ka sami mai karanta shi, ranar za ka juyo gida. Ka sauke farali bara, Alhamdulillahi. Amma tun da ka rubuto cewa takardar da ka kwafa daga littafin ta jiƙe a hanya, a kogin garin Fallomi, ta zama baƙin ruwa, nake tambayar kaina, to me za ka nuna wa mai karatun in ka same shi? Har yaushe za ka yi ta leƙa shagunan littattafai kana neman mai kama da shi?

Ba na son ɗaga maka hankali, amma yanar idon Inna ta ƙaru. Da tana gane ni daga bakin rijiya, yanzu sai na yi magana. Babana ya ce a kai ta asibitin ido na bayan gari, ta ce ba mai kawo ƙarfe kusa da idonta sai mutumin nawa yana riƙe da hannunta.

Wani abu kuma. Ina cikin shanya littafin, Kawu Gwadabe ya yi sallama ya shigo gaida yayarsa, ban sami damar rufewa ba. Daidai warƙar idon yake a buɗe. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo, ya dubi Inna, ya sake duban warƙar. Ya tashi ya tafi, ko ruwan da na kawo masa bai sha ba. Raina bai kwanta da kallon nan ba.

Ka gaida mai masaukinku. Allah Ya tsare mini kai.

Matarka,
Luba

Jakara
3 ga Afrilu, 1955

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kana kuma barci isasshe. Ban jira amsarka ba na sake rubutowa, don abin da nake tsoro ya zo.

Kawu ya dawo sau uku. Ya ce shi ya gane abin da malamai suka kasa ganewa: littafin asirai ne na mutanen da, da'irorin nan hatimai ne, kowace warƙa da ciwon da take warkarwa. Ya ce ai ga shi nan ƙuru-ƙuru, an zana ido, to maganin me zai zama in ba ido ba? Yana so a yanke warƙar a jiƙa ta a ƙoƙo, Inna ta sha rabi, ta wanke idonta da rabi.

Na durƙusa na ce, Kawu, ai rubutun sha a allo ake yi a wanke, ba a taɓa littafi. A kawo malami ya kwafa. Ya ce malami yana karantawa ne yana rubutawa, shi ya sa rubutunsa yake ci. Wanda bai san me yake rubutawa ba zanen ƙwarya kawai yake yi. Tun da babu mai karanta wannan a Kano, albarkar tana cikin tawadar asali, ita za a sha. Na ce amana ce ta baƙo. Ya yi dariya ya ce, "Wane baƙo? Wanda ƙashinsa ya zama rairayi tun ba a haifi uwarki ba? 'Yar boko, takarda ta fi miki idon tsohuwa?"

Maigida, maganar nan ta zauna mini a ƙirji. Kawu ba mugu ba ne. Na ga ƙwalla a idonsa sanda Inna ta miƙa hannu za ta ɗauki buta ta kama iska. Ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, ka fi ni sani. Kuma ni mece ce da zan ce babu magani a warƙar? Ban san abin da ke cikinta ba. In akwai fa?

Inna kuwa tana nan a gefe. Tana zaune tana gurzar auduga da lalube, kamar maganar wata ake yi.

Ya ce ba zai shiga ɗakin matar ɗansa ya buɗe adaka ba, bai lalace haka ba, amma ya ba ni zuwa ganin watan azumi in kawo masa da hannuna. Kwana ashirin ke nan. Na san takardar nan ba za ta je ta dawo a kwana ashirin ba. Ina rubutawa ne kawai don in ji kamar na tambaye ka. Da kana nan, da magana biyu za ka yi masa a zaure, ku fito kuna dariya.

Wuƙaƙenka na dukanci suna nan, ina shafa musu mai. Kujerarka kuma na mayar da ita ɗakina, don kaji sun fara hawa.

Wassalam. Taka,
Luba

Jakara
8 ga Mayu, 1955

Maigida,

Ina gaishe ka da gaisuwar azumi. Yaya ibada a garin Manzo? Ka sa mu a addu'a, ni musamman, don ina da bukata. Wasiƙarka ba ta zo ba tukuna. Ka zauna kafin ka karanta wannan, kuma kada ka karanta ta a gaban mutane.

Na yi wa Kawu ƙarya.

Littafin yana nan cikakke. Abin da na ba shi ba warƙar littafin ba ce, ni na rubuta ta. A ƙasan adakar marigayi Baba na sami sauran tsohuwar takarda mai hoton jinjirin wata guda uku, ta yi ja don tsufa. Ta littafin ta fi ta santsi, sai na yi ta goge tawa da dutsen da kake gugar fata har ta ɗauki sheƙi. Na dafa bagaruwa da ƙaro na yi baƙar tawada. Jajayen layukan kuwa, karan dafinku na rinin fata na jiƙa. Kullum da hantsi in Inna ta kishingiɗa sai in ja ƙyaure in zauna bakin taga.

Ban san aikin zai yi wuya haka ba. Hannuna ya saba da boko, yana son tafiya dama, rubutun yana ja na hagu, kuma ba ya zama kan layi, sai ya yi ta zamewa ƙasa. Tun da ban san inda kalma ta fara ko ta ƙare ba, sai na bi shi kamar yadda ake bin zanen hula: wannan lanƙwasa, ɗigo uku a ƙasa, wannan doguwar wutsiya. Layi goma sha tara, da ido a tsakiya. Ta farko kwana shida ta ci, na ɗiga mata tawada a gefe. Ta biyu kwana biyar. Na yanke gefenta da wuƙarka don ta yi kama da wadda aka cire daga ɗinki.

Zan gaya maka abin da ban zata ba. Kwanakin nan goma sha ɗaya su ne mafi daɗi da na yi tun tafiyarka. Ina bin hannun mutumin da ya rubuta, har na fara sanin halinsa. Na gane inda tawadarsa take ƙarewa ya sake tsoma alƙalami. A layi na sha biyu ya yi kuskure ya kankare, ni ma na kankare. Na riƙa ji kamar a ɗaki ɗaya muke mu uku, ni da shi da kai, ba mai magana.

Ranar jajiberin azumi Kawu ya zo. Na miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa da bisimilla, ya sumbace ta, ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, 'yata, na san zuciyarki ba dutse ba ce." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya jiƙa ta a ƙoƙo, na ga aikina yana narkewa, ruwan ya yi baƙi da ja-ja. Inna ta kai baki, ta ɗan dakata, sannan ta sha. Ya wanke mata ido da sauran.

Yau kwana goma sha biyar, babu wani sauƙi. Jiya ma ta yi karo da turmi. Kawu ya ce haka Allah Ya so, ya daina maganar. Ni ce na kasa dainawa. Duk sanda na ja hannunta zuwa alwala sai zuciyata ta ce, da ta gaskiyar kika bayar fa? Na cika maka alkawari, amma ban san da me na cika shi ba. A littattafaina wadda ta yi dabara murna take yi a ƙarshe. Ba wanda ya rubuta yadda tuwo yake tsaya mata a wuya lokacin buɗa baki.

Ga ta farkon nan na naɗe a ciki, mai ɗigon tawada. Ban aiko don ka yaba ba, na aiko ne don ka ga girman laifin da idonka. In ka ce in je in durƙusa in faɗa wa Kawu, zan je. In ka ce in yanke ta gaskiyar, zan yanke, in yi kuka daga baya. Ka dai ce wani abu. Na gaji da yin shawara da kujerarka.

Mai neman gafararka,
Luba

Jakara
10 ga Yuli, 1955

Maigida,

Gaisuwa irin wadda takarda ba za ta iya ɗauka ba. Ina fatan kana lafiya kamar yadda muke. Ruwa ya sauka sosai, an yi mana yaɓen soro kafin ya yi ƙarfi. Wasiƙarka ta zo ranar Talata, Babana ya kawo ta da kansa har tsakar gida. Na karanta ta sau nawa, ba zan faɗa ba.

Ashe tsohon da kake shan shayi a wurinsa wata da watanni, mutumin Buhara, yana jin Farisanci, ba ka taɓa samun abin nuna masa ba! Da na zo inda ka ce ya sa tabarau ya karanta rubutuna tiryan-tiryan, bai yi tuntuɓe ba sai wuri biyu, sai na ajiye takardar na shiga ɗaki na rufe fuskata da zane. Ni Luba, na rubuta magana ban san na yi magana ba, wani kuma ya ji ta a Madina. Ka gaya masa wuri biyun nan ba laifina ba ne duka, akwai inda ɗan kyankyaso ya riga ni.

Na zaunar da Inna a inuwa na karanta mata. Na karanta inda tsohon ya ce littafin ba na asirai ba ne, irin tarin nan ne da masanan da suke haɗawa wuri ɗaya: ilmin taurari, da lissafi, da aikin jiki, da yadda hankali yake rarrabe gaskiya. Babu addu'a a warƙar, babu magani. Sai na zo kan abin da ta ƙunsa: cewa ido ƙofa ce kawai. Abin da ya gani yana miƙa shi ta jijiyoyin nan biyu zuwa wani ɗaki a gaban kai, ɗakin kuma yana ajiye surar, ta zauna ko bayan mai surar ya tafi, ko bayan idon ya rufe.

Inna ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ɗora yatsa a goshinta ta ce, "Nan?" Na ce haka suka ce. Ta ce, "To ai ni na riga su sani. Mutumin naki yana nan da 'yar rigarsa ta saƙi, ya sha mini kunu ya ɓata gaba." Sannan ta ce, "Amma ajiyar ta tsufa. An ce ya yi gemu, ni ba ni da wannan."

Da na zo inda kake maganar cewa hannuna ne ya kwafi warƙar sai na tsallake. Ta ce, "Kin yi tsalle." Na ce a'a. Ta ce, "Makauniya nake zama, ba kurma ba. Numfashinki ya canja. Koma." Maigida, na koma, na karanta, na kuma faɗa mata komai ina kuka. Ka san me ta yi? Dariya, har da tari. Ta ce shekara arba'in tana jiƙa wa ubanka karan dafi, ƙanshinsa yana cikin farcenta, tun ƙoƙon bai kai bakinta ba ta san a gidan nan aka haɗa shi. Ta ce bagaruwar ma na cika mata wuta. Na ce, Inna, me ya sa kika sha? Ta ce, "In tofar a gaban Gwadabe, ya rasa inda zai sa fuskarsa? Kuma kakan mijinki ya riƙe kayan mutane, ubansa ya riƙe, ni ce zan zo in shanye?" Ta ce maganar Kawu in bar mata, ƙaninta ne, ta san ranar da za ta gaya masa ya yi dariya maimakon fushi.

Ranar na ci tuwo har na ƙara.

Yanzu sai maganarka ta ƙarshe. Ka ce in riƙa kwafo warƙa biyu-biyu ina aikowa, kai kuma ka ƙara shekara ɗaya wurin tsohon, har ku karance littafin. Na yi lissafi. Warƙa ɗari da tamanin da bakwai, kowace fuska kwana biyar. Ba shekara ɗaya ba ce, Maigida, ka fi ni sanin haka. Ban taɓa ce maka a'a ba tun da aka kawo ni gidan nan, ka yafe mini wannan: ba zan ƙara aiko ko layi ɗaya ba.

Ba ka ce sai ka karance shi ba. Cewa ka yi ranar da ka sami mai karanta shi za ka juyo. Ka same shi, yana sayar da shayi, yana da tabarau. Ni na riƙe nawa alkawarin har da ƙarya a bakin azumi. Saura naka.

Ka roƙi tsohon ya rubuta maka baƙaƙen da suka bambanta da na Larabci, da kalmomi gwargwadon abin da za ka iya ɗaukowa, ka naɗe su a fata wannan karon saboda kogin Fallomi. In an sauko daga Arfa ka nemi jirgin ruwan Bar Sudan. Sauran mu yi ta lalube tare a bakin tagar nan, kai kana karantawa, ni ina kwafa, ko da za mu tsufa ba mu wuce da'irori tara ba. Baƙon nan ya bar kaya a gidanku bai dawo ba, mun riƙe masa shekara sittin. Ba na so in zama matar da na ƙaga masa, mai share ɗaki.

Inna ta yarda da asibiti, har likita ya duba idon, amma aikin sai da sharaɗinta na da. Ta ce in rubuta maka haka, kada in gyara: "Ki ce wa mutumin naki likita ya ce yanar ta nuna, ni ma na nuna. Ya zo ya riƙe hannun. In an buɗe, gemun nan nake so in fara gani."

Ni ma ina da kai a ɗakin nan na gaban kai, a tsaye a zaure, da jaka a kafaɗa, kana waiwaye. Kullum ina dubawa, bai goge ba. Amma na gaji da ganinka kana fita.

Allah Ya karɓi aikin hajji, Ya kawo ka lafiya. Na mayar da kujerarka inda take.

Matarka mai jira,
Luba